Kafin a yi wa masu hasashen besbol dariya, a duba abin da ya kayar da su

Masu sharhin wasan besbol a Amurka suna da wata al'ada da take burge ni. A ƙarshen watan Maris, kafin a jefa ƙwallon farko, kowa zai fito ya faɗi wanda zai lashe rukuninsa, da wanda zai yi kwantai, har da adadin wasannin da kowace ƙungiya za ta ci. Idan kakar ta ƙare a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba sai a tono waɗannan rubuce-rubuce a ajiye su kusa da teburin ƙarshe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da nake ƙi shi ne yadda akasari ake yin wannan tonon: a jera waɗanda aka cinka daidai a gefe guda, waɗanda aka kuskure a gefe guda, a yi dariya, a watse. Wannan bai isa hisabi ba. Hasashe yana iya faɗuwa ta hanyoyi daban-daban, kuma wanda bai rarrabe su ba zai sake faɗawa rami ɗaya baɗi.

Kakar 2023 ta babbar gasar MLB ita ce ta fi nuna min haka. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, babu canjaras, 12 ne ke wucewa zagayen fitar da gwani. A waccan shekarar ƙungiyoyi ukun da suka fi kowa kashe kuɗi a kan albashi su ne New York Mets, New York Yankees da San Diego Padres, kuma kusan duk mai hasashe ya ba su gurbi. Mets kaɗai, a hannun attajiri Steve Cohen, ta zuba sama da dala miliyan 300, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Da aka rufe kaka ranar 1 ga Oktoba, babu ko ɗaya cikin ukun da ta tsallake. Mets ta ci 75 ta sha kashi 87, Yankees da Padres kowacce ta ci 82. St. Louis Cardinals, da aka ce ita za ta ɗauki rukuninta, ta ƙare a can ƙasa da 71. Ita kuwa Baltimore Orioles, mai ɗan ƙaramin albashi, wadda aka doke sau 110 a 2021, ta ci wasa 101.

Idan a nan aka tsaya, hukuncin mai sauƙi ne, a ce masana ba su san komai ba. Sai dai ka ɗauki Padres ka dube ta da kyau. A tsawon kakar ta ci maki 752, aka ci ta 648, wato ta fi abokan karawarta da maki 104. Tun shekarun baya Bill James, masanin alƙaluman besbol, ya fito da wani lissafi da ke ƙiyasta nasarori daga makin da aka ci da wanda aka bayar, kuma bisa wannan lissafin ƙungiya irin wannan ta cancanci nasara kusan 92. Ina sauran goman suka tafi? A wasannin da aka tashi da tazarar maki ɗaya tak, Padres ta ci 9 ta rasa 23. A waɗanda aka shiga ƙarin zagaye, ta rasa 12 na farko a jere kafin ta ci biyu a ƙarshen kaka. A wannan shekarar ce mai jifanta Blake Snell ya karɓi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa, Juan Soto ya buga duka wasanni 162, ga Manny Machado, ga Fernando Tatis, ga Xander Bogaerts. To ga Miami Marlins a ɗaya gefen: an fi ta da maki sama da 50 a jimla, amma ta ci wasa 33 na tazarar maki ɗaya, ta ƙare da nasara 84, ta wuce. Da wasa biyu kacal ta fi Padres.

Wanda ya ce a watan Maris Padres ta fi Marlins ƙarfi bai yi ƙarya ba. Wasan da ake rabuwa da maki ɗaya sau da yawa abin da ke yanke shi ƙwallo ce da ta sauka taku ɗaya cikin layi ko taku ɗaya a wajensa, kuma an daɗe da lura cewa ƙungiyar da ta yi fice a irin waɗannan wasanni bana ba lallai ta maimaita baɗi ba. Na san akwai masu cewa rashin haɗin kai ne a ɗakin 'yan wasa ya ci Padres, kuma ban kore hakan gaba ɗaya ba. Amma rashin haɗin kan da ke barin ƙungiya ta lallasa abokan hamayya da tazara mai yawa, sai a wasa mai tsauri kawai yake tashi, yana da wuyar gamsar da ni.

Akwai iyakar da lissafi da kansa ya gindaya, kuma ya kamata duk mai karanta hasashe ya san ta. A ce ga ƙungiyar da ƙarfinta daidai yake da na kowa, kowane wasa rabi da rabi ne. A wasa 162 ana sa ran ta ci 81, amma sa'a kaɗai tana iya ɗaga ta ko ta sauke ta da kusan wasa shida, kuma kusan sau ɗaya cikin uku za ta fita daga tsakanin 75 da 87. A cikin ƙungiyoyi 30, ba abin mamaki ba ne ɗaya ko biyu su kauce da wasa 12 ko fiye ba tare da wani dalili ba. Ko da mai hasashe ya san haƙiƙanin ƙarfin kowa, wannan kuskuren yana nan yana jiransa.

Labarin Mets daban ne, kuma a nan ne nake raba laifin gida biyu. Ranar 15 ga Maris na 2023, a birnin Miami, Puerto Rico ta doke Jamhuriyar Dominika a gasar duniya. 'Yan wasa suka ruga tsakiyar fili suna tsalle, sai aka ga Edwin Díaz a ƙasa yana riƙe da gwiwarsa ta dama, aka fitar da shi a keken marasa lafiya. Shi ne mai jifan da ke rufe wa Mets wasa, bai daɗe da sa hannu a kwantiragin dala miliyan 102 ba, kuma bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar. Babu kwamfutar da za ta hango wannan. Haka babu wadda za ta hango Aaron Judge na Yankees, wanda ya fitar da ƙwallo waje sau 62 a 2022, zai yi karo da katangar filin Dodgers a farkon Yuni ya ji ciwo a babban yatsan ƙafa ya yi jinyar kusan wata biyu. Amma Mets ta ɗora rabin burinta a kan masu jifa biyu, Justin Verlander mai shekara 40 da Max Scherzer mai 38, kowanne yana karɓar sama da dala miliyan 43 a shekara. Shekarunsu ba sirri ba ne. Verlander ya fara kakar a jinya, kuma kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa an sallami dukansu biyu, ɗaya ya tafi Texas, ɗaya ya koma Houston. Wannan haɗarin a bayyane yake tun Maris, masu hasashe da dama sun ambace shi a layi ɗaya suka wuce, domin manyan sunaye sun rufe musu ido.

Cardinals ma haka. Kowa ya ga masu jifanta na farko sun yi rauni, kuma ana dogaro da Adam Wainwright mai shekara 41. An gani, an faɗa, amma aka ba ta rukunin don ta saba ɗauka.

Inda nake ganin masu hasashe suna da bashin bayani na gaske shi ne Baltimore. Manyan tsare-tsaren lissafi irin PECOTA, wanda Nate Silver ya ƙirƙiro, da ZiPS na Dan Szymborski, suna aiki ne da tarihi. Suna ɗaukar ɗan wasa, su nemo waɗanda suka yi kama da shi a baya, su duba yadda suka ƙare, sannan su ja kowa zuwa tsaka-tsaki. Ƙungiyar da ta yi tsalle daga nasara 52 a 2021 zuwa 83 a 2022, tarihi yana cewa za ta ɗan ja da baya, don haka PECOTA ta ce Orioles ba za ta ci ko rabin wasanninta ba. Yawanci wannan taka-tsantsan yana biya. Amma yana da makanta a kan matasa. Adley Rutschman da Gunnar Henderson ba su da dogon tarihi a babbar gasa da za a auna su da shi, Kyle Bradish ya gyara jifansa ya zama wani mutum daban, Yennier Cano ya fito daga inda ba a zata ba. Gaskiya ne sa'a ta taimaka wa Orioles a wasanni masu tsauri, amma ko an cire wannan, makinta na nuna ƙungiya ce ta nasara 90 da wani abu. Tazarar kusan wasa 20 tsakanin wannan adadin da hasashen PECOTA ba sa'a ba ce. Irin wannan ne ya faru da San Francisco Giants a 2021, da PECOTA ta ba ta 75 ta ci 107, kodayake ita ta dawo 81 a shekarar da ta biyo.

Kada kuma a manta da abin da aka cinka. An ce Atlanta Braves za ta yi ƙarfi, ta ci 104. An ce Los Angeles Dodgers tana nan, ta ci 100. An ce Oakland Athletics za ta zama kurar baya, aka doke ta sau 112. Ba a yawan tuna waɗannan, saboda ba su da daɗin labari.

Kakar 2024 ta zo da nata shaidar. Padres, bayan ta rabu da Soto da Snell, ta ci 93. Mets ta ci 89 ta kai wasan ƙarshe na ɓangarenta, Díaz ya dawo yana rufe mata wasa. Yankees, da Judge lafiyayye da Soto a gefensa, ta ci 94 ta kai World Series, wato karawar ƙarshe ta lashe gasar. Orioles ta ci 91 ta sake wucewa, abin da ya tabbatar da cewa ba sa'a ce kawai ta kawo ta ba. Cardinals ta ɗan farfaɗo zuwa 83, amma ba ta tsallake ba.

Abin da nake nema daga duk mai buga hasashe shi ne ya daina ba mu lamba ɗaya tilo kamar ya ga gaibu. Ya ce Padres tana tsakanin 85 da 97, ya faɗi abin da zai kai ta sama da abin da zai ja ta ƙasa, ya rubuta tun Maris cewa idan gwiwar wane ko kafaɗar wane ta ba da matsala lissafin ya rushe. Shafukan FanGraphs da Baseball Prospectus suna buga irin wannan a matsayin kaso cikin ɗari, amma jaridu da masu sharhi a talabijin sukan ɗauki lambar tsakiya kawai su yar da sauran. Idan Oktoba ta zo kuma, ya dawo ya bi ƙungiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mana wadda sa'a ta juya wa baya, da wadda rauni ya karya, da wadda shi ne ya ga alama ya kau da kai.