Salun da jif a kan jiƙaƙƙiyar kwalta

Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa idan ruwan sama ya sauka, wanda ke cikin jif shi ne ya fi samun kwanciyar hankali, mai ƙaramar mota ƙirar salun kuwa sai ya yi ta addu'a. Zaman da nake yi a Jamus, inda kwalta ke wuni a jiƙe tsawon watanni, wani lokaci ma ta kwana da ƙanƙara, ya sa nake ganin akwai gyara a wannan magana.

Salun a ƙasa take, nauyinta kusa da titi yake, saboda haka idan direba ya sha kwana ko ya kauce wa wani abu ba zato, jikinta ba ya rinjaya gefe ɗaya kamar yadda doguwar mota ke yi. Sau da yawa kuma ba ta kai jif nauyi ba. Jif mai ja da ƙafa huɗu tana tashi cikin sauƙi a kan santsi, wannan gaskiya ne, amma a nan haɗarin yake, domin sauƙin tashin yana ruɗar direba ya ƙara wuta, alhali idan aka zo tsayawa kowace mota da tayoyi huɗu take taka birki, ba wadda ta fi wata.

Abin da ke haɗa mota da titi bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace taya, kuma zanen da ke jikin tayar shi ne ke kore ruwa daga wannan ɗan wuri. Idan taya ta suɗe, ko gudu ya yi yawa, ruwan ba ya samun hanyar fita, sai motar ta hau kansa tana yawo. Direba zai ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa, ya juya amma motar ta ci gaba da tafiya miƙe. A wannan hali ba a danna birki da ƙarfi, ba a fizgar sitiyari; ana ɗaga ƙafa daga totur ne a hankali har taya ta sake kama kwalta. Doka a ƙasashen Tarayyar Turai ba ta yarda zurfin zanen taya ya gaza milimita 1.6 ba, ko da yake a ganina duk wanda ya jira har ya kai wannan iyaka ya makara. A Jamus an ƙara da cewa, tun 2010, wajibi ne a sa tayar hunturu idan akwai ƙanƙara a hanya.

A wuraren da ake dogon rani kuwa, ruwan farko shi ne mugu, domin yana haɗuwa da ƙura da baƙin man da suka taru a kan kwalta, titi ya yi santsi fiye da yadda ido ke gani. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ce tazarar tsayawa tana ninkawa aƙalla sau biyu a jiƙaƙƙen titi, kuma tana iya kai ninki goma a kan ƙanƙara.

Na'urori sun rage bambancin da ke tsakanin motoci, dole a faɗi haka. Birkin ABS yana hana taya kullewa ta daina juyawa, shi ya sa ake jin feda tana karkarwa ƙarƙashin ƙafa, kuma bai kamata a saki ba. Na'urar ESP, wadda ta yaɗu bayan wata Mercedes A-Class ta kife a wani gwajin kauciya a Suwidin a 1997, tana taka wa taya ɗaya birki ita kaɗai idan bayan mota ya fara zamewa, kuma tun 2014 ta zama dole a sababbin motocin Tarayyar Turai. Sai dai duk aikinta a kan riƙon taya ya dogara.

Inda salun ke faɗuwa warwas shi ne inda ruwa ya kwanta ya rufe hanya da ramukanta. Ƙasanta na gogar titi, bakin da inji ke shaƙar iska ba shi da nisa da ruwan, kuma da zarar ruwa ya shiga ciki inji na iya bugawa nan take. Wanda hanyarsa ta yau da kullum irin wannan ce, jif ta fi masa. Wanda kuwa tafiyarsa a kan kwalta mai kyau take, salun mai sababbin tayoyi ta fi jif mai suɗaɗɗu, kuma idan biyu kawai zai iya canzawa, a baya ake sa sababbin.