Basakkwace a Filin Golf na Finiks

Ni dai bakina ne ya ja mini. Kwana uku da saukata Finiks, babban birnin jihar Arizona a Amurka, wajen ɗan yayana da ke aikin kwamfuta a can, sai ga abokansa biyu sun zo gaishe ni. Ana gama gaisuwa musu ya ɓarke a kan filayen golf na gari. Ɗaya ya ce babu kamar Papago, ga jajayen duwatsu a bayansa, kuma tun 1963 ake wasa a cikinsa. Ɗayan ya ce shi a bar shi da Encanto, tsohon fili ne tun 1935, shimfiɗaɗɗe, ga bishiyoyi, ba ya wulaƙanta sabon shiga. Ɗan yayana ya ce masu hannu da shuni garin Scottsdale da ke maƙwabtaka da Finiks suke zuwa, su kuwa irinsu sai filayen hukumar birni, inda kowa zai biya ya shiga, ba sai ɗan kulob ba.

Ban taɓa riƙe sandar golf ba, amma babba ba ya zama ana musu bai tofa albarkacin bakinsa ba. Na ce wanne ya fi araha? Suka ce a wannan watan duk araha ne, musamman bayan azahar, kuɗin ba ya kai rabin na lokacin sanyi, don babu mai hankalin da zai fita.

"Baffa, zafin garin nan ba irin wanda ka sani ba ne," in ji yaron.

Na ce, "Kai, yi mini shiru. A Sakkwato aka yanke mini cibiya. Na yi azumi a watan Afrilu, babu wuta, babu fanka. Gobe da ƙarfe ɗaya ka kai ni."

Ashe watan Yulin 2023 na faɗo ciki, lokacin da Finiks ta yi kwana 31 a jere zafi yana kaiwa digiri 43 ko ya wuce. Daga baya na ji wannan lissafi. A ranar, jikina ne ya fara gaya mini tun a wurin ajiye motoci, da na dafa ƙofar mota na janye hannu kamar na taɓa kaskon masa.

Mai karɓar kuɗi ya tambaya ko za mu ɗauki 'yar motar nan mai batir da ake zagaya fili da ita. Da na ji akwai ƙarin kuɗi na ce a'a, ƙafa muka gada. Ya dube ni, ya dubi yaron, ya ce Allah ya ba da sa'a. Aka haɗa mu da wani tsohon Bature ɗan fansho, fatarsa ta gasu kamar kilishi, shi kuwa yana cikin motarsa da ƙatuwar gorar ƙanƙara.

Abin da ya fara tsaya mini a rai ciyawar ce. Kore shar, kamar fadamar Kwalkwalawa da damina, a tsakiyar hamada. Mutumin da ya saba cinikin jarka da mai garuwa, ya ga ana shayar da ciyawar da ko akuya ba za ta ci ba, dole zuciyarsa ta sosu. Baturen ya ce in kwantar da hankalina, tun 1980 jihar ta yi dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa da ta ƙayyade wa filayen golf ruwan da za su sha, kuma da yawansu da ruwan magudanar gari da aka tace suke ban-ruwa. Shi ya sa ciyawar ba ta da faɗi. Ka kauce kaɗan, sai tsakuwa da ƙaya. Wannan bayanin ya kamata in riƙe, amma na tsaya tunanin yawan albasar da wurin zai bayar.

Bugun farko na sari iska. Na biyu na tono ƙasa da ciyawarta kamar mai shuka gero. Na uku ƙwallon ta tashi, na har fara murmushi, sai ta karkata dama ta nufi daji. Haka muka yi ta fama har rami na huɗu. Rami 18 ne gaba ɗaya, ga rigata ta manne a baya, ga harshena kamar tsumma, amma duk sa'ad da yaron ya ce mu koma sai in ce ai yanzu jikina ya fara sakewa.

A rami na biyar ƙwallo ta sake shiga daji. Baturen ya ce in bar ta, in ɗauki wata. In bar ƙwallon da aka saya da dala? Na kutsa. Na wuce wani dogon icen ƙaya da suke kira sawaro, tsaye da hannuwa biyu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Doka ta hana a sare shi, kuma sai ya shekara hamsin ko fiye kafin ya fid da hannu ɗaya. Ga ƙwallona can a gindin wani ɗan kurmi. Na sunkuya ke nan, sai na ji "tsrrrrr" a kusa da kunnena.

Tun a mota yaron ya ba ni labarin macijin nan mai caki a wutsiya. Ban san na iya tsalle da baya ba sai ranar. Na dira daidai kan wata ƙaya da ake kira coya.

Jama'a, ku daina zagin ƙarangiya. Ƙarangiya 'yar gidan mutunci ce. Ita wannan gaɓa-gaɓa take, kowace gaɓa kamar ƙaramin kokwamba mai allurai, kana shafar ta za ta ɓalle ta bi ka. Uku suka kama ni a mazaunai. Na kai hannu in cire ɗaya, ta bar wando ta koma yatsu. Na yi salati da ƙarfi, har yanzu ina jin muryata.

Baturen ya iso a motarsa ba ko gaggawa. Ya saurara, ya nuna reshe ya ce wani ƙwaro ne mai ƙara kamar gyare, kukansa ke nan duk bazara. Sannan ya zuge jakar sandunansa ya fito da matajin kai. Wai don wannan aikin yake yawo da shi. Ya ce in dafa mota in sunkuya. Ya zura matajin tsakanin wando da ƙayar, ya fizge, ɗaya bayan ɗaya. Ni da jikoki huɗu, ina sunkuye a hamadar Amurka wani tsoho yana taje ni, ɗan yayana kuwa ya juya baya kafaɗunsa suna rawa, wai tari ne ya sarƙe shi.

A motar da na ƙi biya aka mayar da ni, a durƙushe, ina rungume da gorar ƙanƙarar mutane. Ƙwallon ma a can na baro ta.

Da daddare abokan suka dawo jin yadda aka kwashe. Na ce fili ba laifi, sai dai ciyawar ta yi ƙunci, kuma a ganina Encanto zai fi, tunda an ce bishiyoyi ne a can. Mai goyon bayan Encanto ya ji daɗi, ya jawo kujera ya ce, "Baffa, zauna mana ka ba mu labari sosai."

Na ce a'a, ku zauna abinku, ni na fi jin daɗin magana a tsaye.