Shin Gwanin Ɗan Ƙwallo Dole Ne Ya Zama Gwanin Koci?

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa da yawa suna ɗaukar cewa duk ɗan wasan da ya yi fice a fili zai yi fice idan ya koma horar da 'yan wasa, amma ayyukan biyu sun sha bamban. Ɗan wasa yana kula da tasa rawar ne, shi kuwa koci shi ke tsara atisaye, ya nazarci abokan karawa, ya zaɓi waɗanda za su fara wasa, sannan ya san yadda zai lallashi wanda ya bari a benci. Sau da yawa gwani kan kasa bayyana wa wasu abin da shi yake yi ba tare da dogon tunani ba.

Diego Maradona, wanda ya ɗauki kofin duniya a 1986 yana ɗan wasa, ya jagoranci Ajantina a matsayin koci a gasar 2010, inda Jamus ta lallasa ta da ci 4 da nema. Arrigo Sacchi kuwa bai taɓa buga wasan ƙwararru ba, amma ya ci kofin zakarun Turai da AC Milan a 1989 da 1990.

Waɗanda suka yi nasara a ɓangarorin biyu ma sai da suka koyi aikin. Zinedine Zidane ya yi wa Carlo Ancelotti mataimaki, ya kuma horar da ƙaramar ƙungiyar Real Madrid, kafin ya lashe kofin zakarun Turai sau uku a jere daga 2016 zuwa 2018.