Dabino guda ya dame su, jinin Musulmi bai dame su ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya bayan La'asar, a majalisarmu nan Birnin Kebbi, wani yaro da bai kai ashirin ba ya miƙo mini wayarsa, wai in saurari wani malami. Babu fuska, sai murya mai zaƙi da ayoyi a jere. Kafin minti uku an fitar da limamin Juma'a da ɗan sanda da malamin firamare daga Musulunci. Na mayar masa da wayarsa na ce: ɗana, na san muryar nan, ta girme wa kakan kakanka.

Tun Annabi (SAW) yana raye aka fara jin ta. Yana cikin rabon dukiya wani mutum da ake kira Zul-Khuwaisira ya taso ya ce masa, "Ka yi adalci!" Annabi ya ce kaitonka, wa zai yi adalci in ni ban yi ba? Sannan ya ba da labarin irinsa masu zuwa: za ku raina sallarku in kun ga tasu, suna karanta Alƙur'ani ba ya wuce maƙogwaronsu, suna fita daga addini kamar yadda kibiya ke fita daga abin farauta. Ku dubi inda aka yi maganar, 'yan'uwa. Wurin rabo ne. Kaso ne ya sosa masa rai, sai ya sa wa abin rigar adalci.

Bayan yaƙin Siffin, shekara ta 37 bayan Hijira, irin nan ya yi tsiro. Wata ƙungiya ta ɓalle daga rundunar Sayyidina Ali saboda ya yarda a yi sulhu, suna ta kirarin "babu hukunci sai na Allah". Ali ya ce kalmar gaskiya ce aka nufi ƙarya da ita. Ibn Abbas ya je ya zauna da su, ya warware musu hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, dubbai suka dawo. Sauran suka kafe.

Malaman tarihi sun kawo abin da har yau in na tuna shi tsikar jikina ke tashi. Sun kama Abdullahi ɗan Sahabin nan Khabbab suna tafe da shi. Ɗayansu ya tsinci dabino da ya faɗo daga bishiya ya jefa a baki, suka yi masa caa: ka ci abin da ba ka biya ba! Ya tofar. Mutanen nan masu tsantsenin dabino guda su ne suka yanka Abdullahi a bakin kogi, suka farke cikin mai ɗakinsa tana da juna biyu. Wannan ya kai ga yaƙin Nahrawan a shekara ta 38. A Ramadan na shekara ta 40 ɗaya daga cikinsu, Ibn Muljam, ya sare Ali a Kufa yana fitowa sallar Asuba, kuma a ganinsa lada ya samu.

Kada wani ya ce ai labarin ƙasar Larabawa ne. Shehu Usmanu ya sha fama da wasu ɗalibai a ƙasar nan masu kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na littafi ba, ya yi ta rubutu yana yi musu raddi. Shi kuwa ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ke kwance nan Gwandu, wajen shekara uku kacal da fara jihadin 1804 ya duba rundunar da shi kansa yake cikin jagororinta ya ga zukata sun juya. A littafinsa Tazyinul Waraƙati ya koka cewa abokansa na ƙwarai sun riga shi, an bar shi cikin masu neman mulkin garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafi da dawakin sukuwa a gari. Abin ya ishe shi har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo. To in niyya ta gurɓata a rundunar da Shehu ke raye a cikinta, ina ga wadda jagoranta ko fuskarsa ba ka taɓa gani ba?

An tambayi Annabi (SAW) game da mai yaƙi don ganima, da mai yi don a ambace shi, da mai yi don ƙabilanci. Ya ce wanda ya yi don kalmar Allah ta ɗaukaka, shi ne a tafarkin Allah. Kowa kuma yana iya cewa don Allah yake yi, baki ba ya biyan haraji. Sai a duba aikin. Lakurawa sun shigo yankin Tangaza da Gudu da sunan kare mutane daga ɓarayin daji, aka wayi gari suna karɓar "zakka" da bakin bindiga. A Nuwamban 2024, a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, shanu suka zo kora, aka rasa rayuka fiye da goma. Fakewa da guzuma ne a harbi karsana.

Mu ma mu binciki kanmu. Wanda aka kashe wa uba a daji ya ɗauki bindiga ya faɗa wa rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ramuwa ce ta fitar da shi, ko da ya yi kabbara sau dubu. Usama ɗan Zaidu, masoyin Annabi, ya kashe mutum bayan ya furta kalmar shahada, ya ce ai tsoron takobi ne ya sa ya faɗa. Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi fatan a ce ran nan ne ya musulunta.

Yaron nan dai bai ce mini komai ba, ya sa wayarsa a aljihu. Na roƙi mahaifinsa kada ya buge shi, kada ya kore shi daga gida, domin masu irin muryar nan na can suna jiransa hannu biyu. Na ce ya kai shi gaban malamin da aka san malamansa, a zauna da shi kamar yadda Ibn Abbas ya zauna da waɗancan. Gobe bayan Magariba muka yi za a kai shi, in Allah ya yarda. Ku sa shi a addu'a.