Akwai wanda ya san wanda ya kashe ta

Duk lokacin da aka tsinci gawar yarinya budurwa, abu ɗaya ake maimaitawa. Kwanakin farko hotonta ya cika Facebook, kowa na kuka yana neman a yi adalci, 'yan sanda su fito su ce ana kan bincike. Kafin wata ya zagayo wani labarin ya ture nata. Daga nan sai a bar iyayenta su kaɗai da zarya tsakanin gida da ofishin 'yan sanda, yau a ce jami'in da ke riƙe da fayil ɗin an yi masa canjin wurin aiki, gobe a ce a dawo wani makon. Masu ta'aziyya kuma kalma ɗaya ce a bakinsu: sai haƙuri.

Ba na faɗa da haƙuri. Uwar da ta binne 'yarta ba ta da abin riƙewa da ya fi shi. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake mayar da haƙurin iyaye ya zama dalilin da kowa zai naɗe hannu, har da waɗanda aikinsu ne su nemo makashin. Haƙuri na mai rashi ne. Mai bincike kuwa aiki ke kansa, wanda ya ga wani abu kuma magana ke kansa.

A 1983 an kashe wata yarinya 'yar shekara 15 a ƙauyen Narborough da ke Ingila. Bincike ya cije. A 1986 aka sake kashe wata mai irin shekarunta a kusa da wurin. 'Yan sanda suka kama wani yaro ɗan shekara 17, har ya amsa laifin kisa na biyu. Da an tsaya nan, da an ɗaure shi kowa ya ce an gama. Sai aka kai samfurin da aka adana daga gawarwakin biyu wurin Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester, wanda a 1984 ya gano hanyar bambance mutum da mutum ta ƙwayoyin halitta na DNA. Gwaji ya nuna mutum ɗaya ne ya kashe su duka biyun, kuma ba yaron nan ba ne. Aka ɗebi jinin maza kusan dubu biyar na yankin, ba a dace ba, domin makashin, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya bayar da jini a madadinsa. Me ya tona asirin? Abokin ne ya saki baki cikin hira, wata mata da ke wurin ta ji, abin ya tsaya mata a rai, ta je ta shaida wa 'yan sanda. Aka kama Pitchfork a 1987, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1988.

Mutane kan ba da labarin nan don yabon kimiyya. Ni matar nan ce ke tsaya min a zuciya. Da ta ce ba ruwanta, da duk jinin da aka ɗiba ya tashi a banza.

Kisa ba ya faruwa a duniyar da babu kowa. Wani ya ga wanda ya dawo cikin dare tufafinsa a hargitse. Wata ta san wanda ya dinga kiran yarinyar a waya yana tsorata ta. Kuma sau da yawa makashin ba baƙo ba ne: ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna a 2023 an kashe mata da 'yan mata kimanin 85,000 da gangan, kusan 51,100 daga cikinsu a hannun miji, saurayi ko wani na cikin dangi. Shi ya sa shirun ke da nauyi. Mai magana zai tona ɗan uwansa ne, ko maƙwabcinsa, ko wanda yake ci a ƙarƙashinsa. Na san ba abu ne mai sauƙi ba, amma wanda ya rufa wa makashi asiri ya sani cewa hannun da ya kashe ɗaya bai mutu ba.

Su kuma hukuma, abin da nake roƙo bai fi ƙarfinsu ba. A killace wurin da aka samu gawa kafin jama'a su tattake shi. A yi binciken gawa. A adana tufafinta da wayarta ko da yau babu na'urar da za ta karanta su. A Koriya ta Kudu, kayan shaida da aka ajiye ne suka fallasa Lee Choon-jae a 2019, kan kashe-kashen mata da aka yi a yankin Hwaseong tsakanin 1986 da 1991. Amma wa'adin da doka ta bayar na gurfanar da shi ya riga ya ƙare tun 2006, sannan wani bawan Allah ya riga ya shafe shekara 20 a kurkuku kan ɗaya daga cikin kashe-kashen, na wata 'yar shekara 13, wanda bai aikata ba, sai a 2020 kotu ta wanke shi. Don haka idan muna ihun a kama wani, mu tabbata ba cewa muke a kama ko wa aka samu ba.

Kuma don Allah a daina tuhumar mamaciya. Me ya fitar da ita da dare, wa ta je gani, wace irin shiga ta yi: tambayoyin nan su ne ke sa ƙawayenta, waɗanda suka fi kowa sanin sirrinta, su ja baki su yi shiru don tsoron kada a shafa musu baƙin jini.

Kai da ka san wani abu, ko ƙanƙani ne, shekara nawa ma aka yi, ba lallai sai ka je ofishin 'yan sanda kai kaɗai ba. Ka samu lauya, ko wani babba da ka amince da shi, ku tafi tare, ka faɗi abin da idonka ya gani, a rubuta, ka sa hannu.