Faransa da Jamus: zaman 'yan marina ake yi, a daina kiransa aure

Tun da shugaban Dassault, kamfanin ƙera jiragen sama na Faransa, Eric Trappier, ya fito a 2025 ya ce kamfaninsa zai iya ƙera sabon jirgin yaƙin da Faransa da Jamus suka shirya yi tare shi kaɗai ba tare da Jamusawa ba, masu sharhi suka sake ɗauko tsohuwar waƙarsu: wai harshe da haƙori ma sukan saɓa, Paris da Berlin za su shirya. Na gaji da jin wannan.

Macron da Merkel ne suka sanar da shirin ƙera wannan jirgi, wato FCAS, a 2017, Sifaniya ta shigo a 2019, ana hasashen zai laƙume kusan yuro biliyan 100. Dassault na son jan ragama, kamfanin Airbus kuwa, wanda ke riƙe da kason Jamus, ya ƙi zama ɗan amshin shata. Kuma tun asali ba jirgi ɗaya suke buƙata ba. Faransa na son wanda zai ɗauki makamanta na nukiliya ya kuma sauka a kan jirgin ruwan yaƙinta, Jamus ko irin wannan jirgin ruwa ba ta da shi. Sauran rigimar duk a kan wa zai riƙe sirrin fasaha ne, da kuma wane gari zai samu masana'anta da ayyukan yi.

Masu cewa matsalar rashin jituwar shugabanni ce sun fi ba ni haushi. Lokacin da aka ɗage taron haɗin gwiwar ministocin ƙasashen biyu a Oktoban 2022, cewa aka yi jinin Scholz, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, da na Macron ne bai haɗu ba. To, Scholz ya tafi. Magajinsa Merz ya garzaya Paris washegarin hawansa mulki a Mayun 2025, aka rungumi juna, aka ɗauki hoto. Me ya sauya?

A dubi inda kuɗi ke zuwa. Da Jamus ta ware yuro biliyan 100 domin sojojinta bayan Rasha ta afka wa Yukren, jiragen F-35 guda 35 ta saya daga Amurka. Da ta tashi kare sararin samaniya, makaman kakkaɓo makamai masu linzami na Patriot na Amurka da Arrow 3 na Isra'ila ta nufa. Ita ma Faransa ba waliyyiya ba ce: duk wa'azinta na "Turai ta tsaya da ƙafarta" yakan ƙare ne da a sayi kayan Faransa. A yarjejeniyar kasuwanci tsakanin Tarayyar Turai da ƙungiyar Mercosur ta ƙasashen Kudancin Amurka ma haka, Jamus na neman kasuwar motocinta a Kudancin Amurka, Faransa na tsoron manomanta su tare hanyoyi da taraktoci saboda naman Brazil da Ajantina.

Wasu za su kawo yarjejeniyoyin ƙawancen ƙasashen biyu, ta Elysee ta 1963 da ta Aachen ta 2019. Takarda ba ta raba kwangila.

Faransa da Jamus su raba gari a kan jirgin kawai, kowa ya ƙera nasa, su haɗa kai a kan jirage marasa matuƙi da tsarin sadarwar da zai haɗa su. Jiragen yaƙinsu na Rafale (Faransa) da Eurofighter (Jamus) dai suna ta tsufa, kuma 2040 da aka tsara sabon zai fara aiki ba ta da nisa kamar yadda ake gani.