Likita ta waya: ido na gani, amma ina hannu?

Tun korona ta 2020 ake ta zancen ganin lokotoro ta bidiyo, yanzu ma nan Maradi abin ya shigo ta WhatsApp. Ba ƙin shi nake ba, wanda ya san daga nan zuwa Yamai ya fi kilomita 600, ga kuɗin mota ga masauki, ba zai raina abin da ya rage mishi wahala ba. Hawan jini, ciwon suga, duba sakamakon analizi, duk waya ta isa.

Amma daminar bara ƙanwata da ke ƙauye can wajen Dakoro ta kira wani lokotoro ta bidiyo, yaronta jiki zafi kwana biyu. Rezo na yankewa, hoto na daskarewa, ɗaki ba haske. Ya kalla ya ce a ba shi parasetamol a ga abin da Allah zai yi. Washegari a CSI, wato ƙaramin asibitin yanki, majo (babban malamin jinya) ya ja fatar idon yaron ƙasa kawai, fari fat, ya buɗe tafin hannu shi ma haka, aka yi gwajin palu ya fito, jini ya kusa ƙarewa. Wallahi ba jahili ba ne lokotoron nan, hannunshi ne bai kai ba.

Cututtukan da ke kashe mana yara da hannu ake gane su. Kumburin tamowa sai an danna babban yatsa bisa ƙafa an ga rami ya tsaya, sanƙarau sai an lanƙwasa wuya an ji ya ƙi, ciwon huhu sai an ɗaga riga an ƙirga numfashi, ɗan wata biyu zuwa shekara in ya kai 50 a minti akwai matsala. Abin da ya fi tada min hankali shi ne sabo, likitan da ya wuni yana kallon gilashi zai koyi yanke hukunci da rabin bayani, ya rubuta antibiyotik don kada a ce bai yi komi ba, har in mara lafiya ya zo gabanshi ma ya manta da taɓawa. Mu kuma mun san kunya, uwa ba za ta buɗe cikin ɗiyarta gaban kamara ba ga maƙwabta tsaye.

Shi ya sa ni nake ganin a aje wayar nan a hannun majo cikin CSI, shi ya taɓa, ya ɗaura ma'aunin dantse na gano tamowa ya ce ja ne ko kore, lokotoro na can Maradi yana tambaya yana saurare.